Tambaya da Amsa: Tirelar da Na Ɗaura wa Babur Ɗina Tana Kaɗa Wutsiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano, kuma ina da babur Boxer da nake zirga-zirga da shi tsakanin gida da gona da kasuwar Kwanar Gafan. Da kuɗin dako ya ishe ni, sai na sa wani mai walda ya haɗa mini 'yar tirela mai ƙafa biyu. Ya yi amfani da tayoyin baro, sannan ya lanƙwasa rodi ya yi ƙugiya ya manna ta a jikin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bayan babur. Idan babu kaya lafiya lau take bi na, amma ranar da na ɗora mata buhun taki uku, ina ƙara wuta sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama har kan babur ya nemi ƙwace mini, kuma da na zo kwana na taka birki sai na ji kamar an hankaɗo ni daga baya. Laifin walda ne ko na tuƙi, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gode wa Allah da abin ya tsaya a tsorata, domin alamu biyun da ka ambata su ne suke zuwa gab da faɗuwa. Tuƙinka ba shi da laifi. Matsalar tana cikin nauyin da ka ɗora da kuma wurin da aka manna ƙugiyar, kuma ina roƙonka ka ajiye tirelar nan har sai an gyara su duka.

Bari mu fara da lissafi. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne, uku sun zama kilo 150, ban da nauyin ita kanta tirelar, wadda da wuya ta gaza kilo 30 idan da ƙarfe aka yi ta. Shi kuwa Boxer mai inji 100cc nauyinsa bai wuce kilo 110 da 'yan kai ba, wato ka ɗaura wa babur abin da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Injin zai ja, domin jan abu mai taya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya buƙatar ƙarfi sosai, kuma wannan ne yake yaudarar mutane. Aikin yana wajen tsayawa. Tirelarka ba ta da birki, saboda haka birkin babur, wanda aka auna shi don mutum biyu da ɗan kaya, shi ne zai tsayar da kai da babur da tirela da taki ta kan tayoyi biyu, waɗanda abin da kowacce take taɓawa na ƙasa bai kai tafin hannu ba. Idan kana tafiya miƙe, illar ita ce nisan tsayawa ya ƙaru. Idan kuwa kana cikin kwana, babur ya riga ya juya amma tirela tana son ci gaba da tafiya miƙe, sai ta tura tayar baya gefe. Hankaɗar da ka ji ke nan, kuma da ƙasar akwai yashi ko danshi da tayar ta zame.

A Ingila doka ta yanke wannan magana da alƙaluma, kuma ko da yake dokarsu ba ta hau kanmu ba, ma'auninta abin dubawa ne. Ba a yarda babur ya ja tirela ba sai injinsa ya haura 125cc, faɗin tirelar kada ya wuce mita 1, tsawon daga tsakiyar tayar baya ta babur zuwa ƙarshen tirela kada ya wuce mita 2.5, kuma nauyinta da kaya kada ya wuce kilo 150 ko kashi biyu bisa uku na nauyin babur, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A can babur ɗinka ma bai cancanci ya ja komai ba. Idan muka ari ma'aunin kashi biyu bisa uku, rabonka kilo 70 ne da ɗoriya, har da nauyin tirelar, wato ko buhun taki ɗaya ya zarce, tun da shi da tirelar kilo 80 ne. Na san wannan ba zai yi maka daɗin ji ba, tun da don uku aka yi ta.

Sai maganar ƙugiya, wadda ita ce ta fi damuna. An yi kariya ne don a ɗora mata kaya daga sama, kuma 'yan notuna ne suke riƙe da ita. Ba a yi ta don a riƙa fizgarta baya ana tura ta gaba sau ɗaruruwa a kowace tafiya ba. Ban da rauni, ta yi sama da yawa. Duk abin da ya ja babur daga saman tayar baya yana rage wa tayar gaba nauyi lokacin tashi, kuma idan ya girgiza gefe sai ya karkatar da babur gaba ɗaya kamar wanda aka kama wa kafaɗa. Abin da ya dace shi ne a yi mahaɗi da bututun ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a jikin firam ɗin babur a wurare biyu ta kowane gefe, misali wajen da shok yake kamawa ta sama da wajen matakin fasinja, ya zagayo bayan taya ya sauko daidai tsayin tsakiyarta, tare da barin tazarar da taya za ta yi sama da ƙasa ba tare da gugar ƙarfe ba. A ɗaure da notuna masu ƙarfi, irin waɗanda aka buga wa lamba 8.8 a ka, maimakon a kunna wutar walda a jikin firam, domin bututun firam ba shi da kauri, kuma zafin walda yana raunana gefen da aka ƙona, daga nan tsagewa take farawa. Idan dole sai an yi walda a jikin babur, a cire tanki da batir tukuna. Rodin gini kuwa a bar wa magina; ana yin sa da ƙarfe iri-iri, wani yana karyewa a bakin walda ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba.

Akwai abin da masu walda da yawa suke mantawa, saboda sun saba da amalanke da tirelar tarakta. Mota da tarakta a tsaye suke shan kwana, babur kuwa sai ya kwanta. Tirela mai ƙafa biyu ba ta kwanciya, saboda haka dole mahaɗin ya iya motsi iri uku: ya juya hagu da dama, ya ɗaga sama da ƙasa idan an hau tudu ko an faɗa kwari, sannan ya murɗa kamar wuyan hannu. Ƙugiya da zobe suna ba da na farko da na biyu, amma na uku kaɗan suke bayarwa kafin su cije, kuma idan suka cije a tsakiyar kwana, ko dai tirela ta hana babur kwanciya ya miƙe da kai cikin daji, ko babur ya ɗaga mata ƙafa ɗaya. Ga kuma sako-sako da ke tsakanin ƙugiya da zobe, wanda yake sa tirela ta riƙa dukan babur a kowane birki. Maganin ba shi da tsada: a sa wa wuyan tirelar bututu cikin bututu mai juyawa a kan boris, a haɗa shi da mahaɗi mai ƙwallo irin na motoci. Kafin ka biya kuɗin aiki, ka sa mutum biyu su riƙe babur su kwantar da shi dama da hagu har matakin ƙafa ya kusa taɓa ƙasa, kana kallon tayoyin tirela. Idan ɗaya ta ɗaga, aiki bai ƙare ba.

Kaɗa wutsiyar kuma yawanci daga zaman kaya take. Ina kyautata zaton ka jera buhunan a kan tayoyi ko bayansu don kada su danne babur. Idan nauyi ya koma bayan tayoyi, wuyan tirela yana yin sakayau, ƙaramin rami ya isa ya fara lilo, kuma gudu yana ƙara masa ƙarfi. Ka sa kusan kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyi, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure tam, ta yadda nauyin da yake sauka a kan mahaɗi zai zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimilla. A kilo 70, wannan kilo 7 ne zuwa 10, kuma sikelin rataye irin na 'yan gwangwan ya isa ka auna shi a bakin wuyan. Gajeren wuya ma yana jawo lilo, don haka tazarar mahaɗi zuwa tayoyi ta kai kusan ninki biyu na faɗin da ke tsakanin tayoyin. Idan lilon ya sake kama ka a hanya, kada ka damƙe birki. Ka sassauta wuta a hankali, ka riƙe kai miƙe har ya lafa.

Tayoyin baro a cire su, domin an yi su ne don tafiyar ƙafa, kuma cibiyarsu tana zafi ta cinye a gudun babur. Tsofaffin ƙafafun babur masu boris sun fi. A sa sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, don su tallafe shi idan mahaɗi ya saki, kada ya caki ƙasa ko tirela ta kufce ta nufi masu tafiya a gefen titi. A ja mata waya a sa danja da sigina da abin ƙyalli, tun da ta rufe na babur, kuma masu kai tumatir kasuwa da asuba suke fita. Mutum ba ya shiga cikinta, yaro ko babba, ko da daga gona zuwa gida ne. Ka sa ran cen da sufoket da kuloci za su riƙa ƙarewa da wuri, kuma injin da iska take sanyaya shi yana wahala idan yana jan nauyi a ƙaramar giya cikin zafin bazara. Titin Kano zuwa Zariya, da manyan motocinsa, ba wurin gwaji ba ne. Ka tsaya a hanyoyin gona da gudun da bai wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa ba, kuma kafin ka hau kwalta ka kai ta ofishin VIO su duba. Idan kuwa lodin buhu uku zuwa sama shi ne bukatarka ta kullum, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, wanda yake da birki a ƙafafun baya, shi aka ƙera don wannan aiki.

Tambaya: Ni mai sayar da ruwa ne a Damagaram. Ina so in daina turin kura, in ɗora duro mai lita 200 a tirela in ja da babur. Zai yiwu?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka cikakken duro kilo 200 ne, kusan ninki biyu na ƙaramin babur. Rabin duro kuma ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kai-komo a ciki, ya bugi gaba idan ka taka birki, ya koma gefe ɗaya idan ka sha kwana. Jarka biyu masu lita 25, cike har baki, kwance a ƙasan tirela kuma a ɗaure, su ne iyakar abin da zan amince wa ƙaramin babur, shi ma sai idan tirelar ba ta wuce kilo 20 ba, kuma ka lissafa ko kuɗin man da za ka ƙona a kan lita 50 zai fita kafin ka kai wa mai walda ko sisi.