Tambaya da Amsa: Ƙanena na son motar gudu, abokansa kuma suna ce masa ya kashe na'urar hana santsi

Tambaya: Injiniya, ƙanena ya ƙwallafa rai a kan sayen motar gudu mai ƙofa biyu domin zuwa aiki kullum. Abokansa masu sha'awar motoci sun tabbatar masa cewa irin wannan mota ta fi kowace aminci saboda ƙarfin birkinta, kuma wai gwanin direba yana kashe na'urar hana santsi domin tana daƙile mota. Hankalina bai kwanta ba. Shin akwai gaskiya a maganarsu?

Amsa: Malam, damuwarka tana da tushe, sai dai ba motar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Ana iya zuwa aiki kullum da motar gudu. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, da Toyota 86, wadda ta fito a 2012, ba su da ƙarfin da ya wuce kima, kuma mutane da yawa suna hawansu shekara da shekaru lafiya. Abin da ƙanenka zai jure sananne ne: ƙasan motar yana kusa da titi, tayoyinta sirara ne ta gefe har rami ɗaya yana iya lanƙwasa wili, suna saurin cinyewa, zamanta da tauri, kaya kuma ba ta ɗauka da yawa. Idan ya yarda da wannan, zaɓinsa ne.

Maganar birki rabinta gaskiya ce, shi ya sa take yaudarar mutane. Mu ƙaddara motar gudu tana tsayawa cikin mita 32 daga gudun kilomita 100 a awa, motar gida kuma cikin mita 38. Idan mai motar gudu ya amince da birkinsa ya kai 140, tazarar tsayawarsa za ta kusan ninkawa zuwa mita 63, domin ita tazarar birki ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ita ninkawa huɗu take yi. A ƙara da daƙiƙa ɗayar da kowane direba yake ɓatawa kafin ƙafarsa ta kai birki, wadda a gudun 140 take cin mita 39. A daidai wurin da motar gida mai gudun 100 ta tsaya cik, motar gudun tana nan tana tafiya da fiye da kilomita 100 a awa.

Amma abin da nake so in tsaya a kansa shi ne batun kashe na'urar daidaita mota, wato na'urar hana santsin da abokan ƙanenka suke nufi, wadda ake kira ESC ko ESP, Toyota kuma take kiranta VSC, BMW DSC, Porsche PSM. Kusan kowace rana sai na ji wannan magana, kuma na gaji da jinta daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin bayan mota ya kufce musu a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Na'urar tana kwatanta inda direba ya juya sitiyari da inda motar take dosa a zahiri, sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Idan bayan mota ya fara zamewa a kwana, sai ta matse birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai, ta rage ƙarfin inji, motar ta dawo kan layinta. Direba, komai gwanintarsa, feda ɗaya yake da ita ta birki, kuma tayoyi huɗu take kamawa tare. Babu ɗan Adam ɗin da zai iya taka birkin taya ɗaya ya bar uku. To, ta ina gwaninta za ta maye gurbin wannan aiki?

Kamfanonin Mercedes-Benz da Bosch ne suka fito da ita a 1995. A 1997 wata ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa cikas da aka yi a Suwidin, kamfanin ya dakatar da sayar da ita har sai da ya gyara ta ya sanya mata wannan na'ura. Hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kashi 34 cikin 100 a ƙananan motoci, shi ya sa aka wajabta ta a can daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Motar gudu ce ma ta fi buƙatarta, domin yawancinsu da tayoyin baya suke turawa, kuma taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana ya isa ya juya motar ta fuskanci inda ta fito.

Abokan ƙanenka za su ce maka ai kamfani ne da kansa ya sa maɓallin kashewa. Haka ne, ya sa shi domin filin tsere, inda babu mai tafiya a ƙasa, babu motar da ke tahowa, kuma an bar fili a gefe ga wanda ya kufce. Da kuma lokacin da mota ta kafe a yashi ko taɓo ana son tayoyi su juya. Wanda yake jin na'urar tana yawan katse masa gudu a kan titin jama'a, fitilarta tana walƙiya, to ya sani tayoyinsa ne suke rasa riƙo a kai a kai, na'urar kuwa tana ceto shi ne bai sani ba.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne baragurbin makanikai. An taɓa kawo mini wata mota bayan ta yi juyi biyu a kan titi cikin ruwan sama, mai ita yana rantsuwa cewa babu fitilar gargaɗin da ta taɓa kamawa. Da muka kwance allon gaban direba, sai ga ɗan guntun baƙin tef an liƙe shi daram a kan fitilar ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi. Matsalar duka waya ce guda ta na'urar da ke auna juyawar taya ta tsinke, gyaran da bai kai awa ɗaya ba. Wanda ya liƙa tef ɗin ya karɓi kuɗinsa ya ce an gyara, alhali ya bar mutum yana yawo da iyalinsa ba ABS ba ESC, domin ita ESC da na'urorin ABS take aiki, idan suka mutu ta mutu. Wannan cin amana ne, kuma rayuka ake wasa da su.

Saboda haka, Malam, idan ƙanenka ya nace, ka raka shi wurin sayen. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, ku zuba ido a kan allon: dole fitilar ABS da ta ESC, mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta, su kama, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ko da zarar inji ya tashi. Idan ba su kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa su. Idan sun ƙi mutuwa, akwai matsala. Ku duba tayoyin su zama girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, domin taya mai wani girma daban tana rikita lissafin na'urar, kuma zanensu kada ya gaza zurfin milimita 1.6. Sannan a sa motar a kwamfuta a gaban idonku kafin a biya ko sisi.