Amarya na son bakin teku, aljihu na cewa a bi a hankali

Saƙonni huɗu ne suka taru a kan magana ɗaya a wannan makon, shi ya sa na haɗe su wuri guda.

Anti, ina wuni. Ni 'yar Gwarinpa ce, an sa bikina watan Disamba. Tun ina makaranta nake burin a yi walimata a bakin teku kamar yadda nake gani a Instagram. Abin da muka ware ni da angon naira miliyan biyu da rabi ne, mutum 40 muke so. Mu tafi Legas ko akwai dabara?

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Fara ɗauko biro da takarda kafin ki sake buɗe Instagram. Daga Abuja zuwa Legas tafiyar sama da kilomita 700 ce a mota, yini guda cur, a jirgi kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Disamba kuma shi ne watan da tikitin jirgi da ɗakin otal suka fi tsada a Legas, don lokacin ne 'yan Najeriya mazauna ƙasar waje ke dawowa hutu. Ki tambayi kuɗin tikitin zuwa da dawowa na mutum ɗaya, ki ninka sau 40, ki ɗora kwana biyu a masauki. Za ki ga kuɗin nan naku sun ƙare ba a dafa ko ƙwayar shinkafa ba. Kada ki ce kowa zai biya wa kansa. Ƙawayenki za su iya. Gwaggonki da ta taso daga Zariya ba za ta biya ba, kuma ba ki da bakin da za ki ce ta biya.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Hoton da kike gani ba ya nuna iska, ba ya nuna yashi. Na taɓa zuwa walimar 'yar wata aminiyata a wani bakin teku can wajen Lekki, da yammar Asabar. Mai ado ya kafa rumfa da farin yadi, abin gwanin sha'awa. Ana cikin addu'a iska ta taso ta ɗaga gefe guda, samari huɗu suka riƙe ƙafafun rumfar har aka shafa. Uwar amarya hannu ɗaya a kan mayafi, ɗaya a kan jaka. Shinkafar da aka zuba a faranti, duk lomar da ka kai sai ka ji ƙaras-ƙaras. A rumfar da ke maƙwabtaka da mu ana ta kiɗa da kwalabe, kawun ango ya tashi ya koma mota bai sake fitowa ba. Hotunan kam sun yi kyau, ba na musu.

Wuraren ma canzawa suke yi. Bar Beach, bakin tekun Legas da iyayenmu suka sani, an cike ta da yashi, a nan ake gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. A watan Afrilun 2024 an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark saboda titin bakin teku da zai tashi daga Legas zuwa Kalaba. Saboda haka duk hoton da ya burge ki, ki tabbatar wurin na nan yadda kika gan shi. Bakin tekun Elegushi ana biyan kuɗin shiga a kan kowane mutum, kuma ƙarshen mako cika yake yi maƙil. Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya, amma sai da jirgin ruwa ake isa, ki kwatanta Hajiya Babba da ciwon gwiwa tana taka ƙaramin jirgi yana lilo.

Da ni ce ke, raba abin zan yi biyu. Walima a Abuja, a bakin tafkin Jabi. Tafkin ɗan'adam ne ya yi shi, ba shi da igiyar ruwa, amma in rana ta karkata ta faɗa kan ruwan nan, hoto ba ya tambayar ko gishiri ne ko ruwan daɗi. Akwai filin ciyawa da wuraren cin abinci a gefensa da ke ba da haya. Ki je da ƙafarki wurare uku aƙalla, a irin ranar da irin lokacin da kike son yin taron, ki zauna rabin awa ki saurara. Tambayoyinki: hayar ta awa nawa ce, an yarda ki shigo da abincinki ko dole ki saya a wurinsu, wa ke da janareta da mai, ina banɗaki, ina za a yi alwala da salla. Maganar shigo da abinci ita ce ke yanke hukunci, domin wurin da hayarsa ta yi arha amma ya tilasta miki abincinsa, a faranti zai rama. Duk abin da kuka yi yarjejeniya a rubuta shi kafin ki ba da kafin alƙalami.

Wasu za su ce miki madatsar ruwa ta Usuma da ke hanyar Bwari ta fi kyau, ga duwatsu ga shiru. Gaskiya ne. Sai dai daga nan Abuja ke shan ruwa, ba wuri ne da ake faɗawa da kuloli da lasifika ba tare da izinin hukumar ruwa ba.

A Disamba ba ki da fargabar ruwan sama, damina ta ɗauke tun Oktoba. Abokin hamayyarki hazo ne da gajeren yini. Wajen ƙarfe 6 da kwata an kira magariba, don haka ki rubuta ƙarfe 3 a kati, a yi la'asar a wurin, ki sa ran mutanenmu za su iso 4. Mai hoto ya gama da ku kafin 5 da rabi. Taron da ya watse da magariba ba ya buƙatar fitilu, kuma sauro bai fara aiki ba.

Abin da ya rage a kuɗin, ku tafi Legas ku biyu a ƙarshen Janairu, ranar Talata da safe, da kayan da kika sa ranar walima a jaka. Teku ba kowa, mai hoto na awa biyu ya isa. Ku tsaya a kan busasshen yashi. Ruwan gaɓar Legas yana da ƙarfin ja, yana ɗauke ma waɗanda suka iya iyo, balle mace cikin leshi mai nauyi.

Anti, ni angon ne a nawa labarin, ina zaune a Jos. Mun so mu yi ɗan taro na mutum 30 a bakin ruwan Rayfield. Da na faɗa wa Mama sai ta ce tun da take zuwa bikin 'ya'yan mutane, nata ɗan ne za a yi a ɓoye? Yau kwana uku ba ta amsa gaisuwata sosai.

Ɗana, Mama ba ta yi kuskure ba, kai ne ka kawo maganar ta bayan gida. Shekara da shekaru tana kai gudummawa, tana yin anko, tana yini a gidajen mutane. Biki bashi ne, yanzu lokacin da za a biya ta ne, kai kuma ka zo da lissafin kujeru.

Kada ka sake ce mata "ƙaramin biki". Aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, a masallaci ko a ƙofar gida, kuma wannan taron ba a ƙayyade masa mutane. Ko mutum 500 suka zo, goro ne da dabino da alawa. Ka bar shi a buɗe. Yinin biki kuma ka bar wa Mama kacokan: gidanta, tukwanenta, ƙawayenta, ka ba ta abin da za ka iya na cefane ka janye hannunka. Tuwo da waina da aka dafa a tsakar gida suna ciyar da ninkin abin da kuɗi ɗaya zai ciyar a hol. In ta sami ranarta, ba za ta damu da abin da kai da abokanka za ku yi a bakin ruwa washegari ba. Ka kira shi ɗaukar hoto da shan shayi, kada kalmar walima ta fito daga bakinka, don bikin farar kaza balbela ba ta jiran gayya. Kada kuma a buga masa kati. Ka kira mutum 30 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a waya.

Abu biyu game da wurin. Ruwan Rayfield, kamar yawancin tafkunan Jos, tsohon ramin haƙar kuza ne, zurfinsa ba ya farawa a hankali kamar na rafi. In akwai yara, a sa babba guda wanda aikinsa kenan, kuma ba mai shiga kwale-kwale sai da rigar ceto. Sannan ka fi ni sanin sanyin garinku daga Disamba zuwa Janairu. Ka ɗauko mai shayi da tukunyarsa, zai fi lemon kwalba farin jini.

Anti, wane irin kaya da takalmi zan saya? Mai ɗinki na so ta yi mini doguwar riga mai jela.

Jelar za ta share ciyawa da taɓo, ki hana ta. Rigar ta tsaya a idon sawu. Yadi mara nauyi, mayafi kuwa mai ɗan nauyi, a kafe shi da fil ta ciki, don sharara ba ya zama a ka in akwai iska. Takalmi mai tsini nutsewa yake yi a yashi da ciyawa duka, ki nemi mai faɗin dunduniya ko flat mai ado, ƙunshin ƙafarki ma ya fi fitowa. In rigar irin wadda ba za ki sake sawa ba ce, ki yi haya ko ki ara wurin wadda ta riga ki aure, ba abin kunya ba ne. Abin da zan ce ki saya da kuɗinki shi ne mayafin, shi za ki ci gaba da mora. Anko kuma ki yafe wa mutane. Ki ce kowa ya zo da fari ko ruwan madara, akwai shi a kowace akwati.

Anti, mu Kiristoci ne, Hausawa, muna Kubwa. Fasto zai iya ɗaura mana aure a bakin ruwa kai tsaye? Kuma abinci fa, mu ɗauki masu dafawa?

In auren doka kuke nufi, wato na rajista, dokar aure ta tanadi a yi shi a majami'ar da ke da lasisi ko a ofishin magatakarda, bayan sanarwar kwana 21. Yin sa a wani wuri daban sai da izini na musamman, kuma nemansa ƙarin kuɗi ne da zirga-zirga. Hanya mai sauƙi ita ce ku gama na coci ko na rajista da safe, da yamma Fasto ya biyo ku bakin ruwa ya sa albarka. Ku yi masa maganar tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abinci kuwa, ga mutum 40 zuwa 50 ba na ganin dalilin ɗaukar kamfani da ma'aikata masu ɗamara. Ku je kasuwar kifi ta Kado da sassafe ku sayo tarwaɗa da karfasa da kanku, ku yi jinga da mai gashi ya zo da ragarsa da gawayinsa. Ku ƙara mai tsire ɗaya. Shinkafa a dafa a gida a zuba a kula, kada a buɗe sai lokacin ci. Zoɓo da kunun aya a gorori cikin ƙanƙara, amma kunun aya a yi shi a ranar, yana saurin tsami in ya ji zafi. Kek mai hawa uku da kirim a jikinsa narkewa zai yi kafin a yanka, ƙarami ya isa, a cike tire da cincin da alkaki. A kafa wurin gashin ta inda iska ke kaɗawa ta tafi da hayaƙin, ba ta inda za ta kawo shi kan amarya ba. Ku ɗaure ƙyalle a sanda da kun isa, zai nuna muku.