Amsa ga Hajiya a kan bikin Roswell: mun je da yara a 2022

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama in amsa a tsanake. Kin ce ɗanki mai shekara 12 ya hana ki sakat sai kun je bikin masu sha'awar UFO, wato abubuwa masu tashi a sama da ba a gane su ba, da ake yi a Roswell ta jihar New Mexico a Amurka, kina so ki ji ko tafiyar ta cancanci wahalar hanya da kuɗin mai, kuma ko babu abin da zai rikita wa yaro tunani. Mun je ni da mai ɗakina da yaranmu uku a farkon Yulin 2022, mako guda kafin Babbar Sallah, shekarar da labarin faɗuwar faifai mai tashi a kusa da garin ya cika shekara 75. Shawarata ita ce ku je. Sai dai ki riƙe asalin labarin a kanki kafin ki taka garin, domin a can kowa nasa yake faɗa, kuma yaro wanda ya fi ƙawata magana yake bi.

A damunar 1947 wani mai kula da garken tumaki, Mac Brazel, ya tsinci tarkace a makiyayar da yake aiki, kusa da ƙauyen Corona, fiye da kilomita 100 arewa maso yamma da Roswell. A kwanakin Amurka ta ɗauki zafi da zancen faifai mai tashi, saboda ranar 24 ga Yuni wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna sheƙa gudu a sama kusa da tsaunin Rainier. Brazel ya kai rahoto gari, sansanin sojan sama na Roswell ya tura Manjo Jesse Marcel ya kwaso tarkacen. Ranar 8 ga Yuli kakakin sansanin, Laftanar Walter Haut, ya fitar da sanarwa cewa sojoji sun samu faifai mai tashi. Kafin gari ya waye Janar Roger Ramey a Fort Worth ya ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Daga nan magana ta kwanta har shekara 30, sai a 1978 da wani masanin nukiliya mai bibiyar irin waɗannan labarai, Stanton Friedman, ya zanta da Marcel bayan ya yi ritaya. Zancen gawarwakin baƙin halittu daga wata duniya da kowa ya sani yau duk daga baya ya yaɗu, babu shi a jaridun 1947.

Shi kuwa garin, an rufe sansanin sojan nan a 1967, kasuwa ta faɗi, mutane suka yi ta ƙaura. Da labarin ya farfaɗo sai suka riƙe shi hannu bibbiyu. An buɗe gidan tarihin UFO a 1992, bikin ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. Ban ga laifinsu ba. Gari ne mai mutum wajen dubu 48 a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ya samu abin da ke kawo masa baƙi.

Abin da za ki tarar a titi bikin gari ne irin na iyali. Babban titinsu, Main Street, cike yake da rumfunan masu sayar da riguna da kayan tsaraba da abinci, ga makaɗa. Fitilun titi an zana musu manyan baƙaƙen idanu irin na halittun nan, shagon McDonald's ma an gina shi da siffar faifai mai tashi. Akwai gasar shiga, mutum ya shafe jikinsa da koren fenti tun daga kai har ƙafa, har karnuka ana yi wa ado a shigar da su gasa. Da dare aka yi jerin gwanon motoci masu fitilu, wanda yaranmu suka fi so a duk tafiyar. Ban ga wani abu mai kama da bauta ba. Shigar wasu matan dai ta zafi ce, irin wadda kika saba gani a ko'ina a ƙasar nan cikin Yuli.

Inda ake bukatar ki a gefen yaro shi ne gidan tarihin da zaurukan lacca. Cikin waɗanda suka kafa gidan tarihin akwai Walter Haut ɗin nan da ya rubuta sanarwar 1947, saboda haka ki san gidan yana da ɓangaren da ya karkata. Duk da haka sun kafe shafukan jaridun lokacin a bango, kuma a nan na fi daɗewa da babban ɗana. Na sa shi ya karanta hirar da jaridar garin ta yi da Brazel, inda ya lissafa abin da ya tsinta: yankakkiyar roba, takardar gwangwani mai ƙyalli, takarda mai tauri, sanduna, da salatif mai zanen furanni, duka nauyinsu bai fi kilo biyu da ɗoriya ba. Yaron ya yi shiru, ya ce, "Baba, jirgin da ya taso daga wata duniya da salatif aka ɗaure shi?" Wannan tambayar kaɗai ta biya ni kuɗin mai. Ban ba shi amsa ba, na ce mu zagaya mu ji abin da ɗaya ɓangaren, masu cewa jirgin wata duniya ne, ke faɗa.

Kuma suna da abin faɗa. A 1994 rundunar sojan sama ta amsa cewa bayanin balan-balan ɗin yanayi rufa-rufa ce. Tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, jerin balan-balan masu ɗauke da makirfo da ake saki daga Alamogordo don a jiyo ƙarar gwajin bam ɗin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Ni wannan bayanin ya gamsar da ni, domin ya yi daidai da robar da sandunan da Brazel ya ambata. Amma gwamnati ta ɓoye gaskiya kusan shekara 50, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake. Rahoton da suka ƙara fitarwa a 1997, cewa gawarwakin da ake faɗa mutum-mutumin gwajin laimar saukowa daga jirgi ne, ya fi rauni, tunda an jefa waɗannan ne a shekarun 1950, sai dai a ce shaidu sun haɗe shekaru a ƙwaƙwalwarsu. Na gaya wa yaro haka kai tsaye, ban nuna masa cewa ɓangare ɗaya ne ke da gurguwar hujja ba.

A wajen zauren lacca na zauna kusa da wani dattijo, tsohon direban babbar mota. Ya ba ni labarin wasu fitilu uku da ya gani da dare a kan hanya shekaru masu yawa da suka wuce, muryarsa na rawa. Ba ya sayar da littafi ko riga. Ya ce nan ne kaɗai yake ba da labarin ba a yi masa dariya ba. Na yarda ya ga wani abu, kuma na ga girman abin a zuciyarsa. Irinsa suna da yawa, ki koya wa yaro ya saurare su da ladabi. Masu lacca kuwa gauraye suke: akwai mai kawo takardu da kwanan wata, akwai mai fara magana da tarkacen Corona ya ƙare da cewa baƙin halittun ne ke juya gwamnatocin duniya, teburin littattafansa na bakin ƙofa.

Abu ɗaya nake maimaita wa yarana: UFO na nufin abu mai tashi da ba a gane ko mene ne ba, iyakar ma'anarsa ke nan. Rahoton hukumomin leƙen asirin Amurka na Yunin 2021 ya duba abubuwa 144 da galibi matuƙan jiragen soja suka gani, ɗaya tak aka tantance, sauran aka ce bayanai ba su isa ba. A Maris 2024 ofishin da ma'aikatar tsaro ta kafa don wannan bincike ya ce bai samu shaidar fasahar wata duniya ba.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, ki tuntuɓi wanda kika amince da shi. Abin da na karanta wa nawa a mota shi ne aya ta 29 a Suratus Shura, mai cewa daga cikin ayoyin Allah akwai halittar sammai da ƙasa da abin da Ya watsa a cikinsu na dabba, da aya ta 8 a Suratun Nahl, cewa Yana halittar abin da ba ku sani ba. Na ce musu samuwar wata halitta a sama ba za ta girgiza imaninmu ba, amma labari sai da tabbaci.

Sai sha'anin tafiya. Daga Dallas mun yi awa bakwai da wani abu a mota, daga Albuquerque kamar awa uku ne. Ki kama otal tun watanni kafin lokaci. Mu mun makara, sai a Artesia muka kwana, tafiyar wajen minti 45 kudu. Zafin rana yana haura digiri 35, busasshe irin na bazarar gida, ki ɗauki ruwa da hula, ku fake tsakanin azahar da la'asar. A gidajen abinci ki riƙa tambaya, domin naman alade da kitsensa suna shiga miyar barkono da wake, wani lokaci har da gurasarsu. Mun tafi da dambun nama da kilishi, sun rufa mana asiri. Sallah kuwa kasaru muka yi a ɗaki. Idan akwai ƙaramin yaro, ki kauce da shi daga ɗakin da aka kwantar da gawar roba a gadon asibiti, 'yar autarmu mai shekara biyar ba ta yi barcin kirki ba a daren.

Kwana biyu sun isa bikin. Tunda ɗanki sararin samaniya yake so, ki ba shi labarin Robert Goddard, wanda ya yi gwajin rokokinsa masu aiki da ruwan mai a wajen garin nan tun daga 1930, shekara 17 kafin a tsinci tarkacen Corona. A rana ta uku mun gangara kogon Carlsbad, ƙasa da awa biyu kudu, muka jira magariba muka ga dubban jemagu suna fitowa daga bakin kogon kamar hayaƙi. Idan kun tsayar da rana ki yi mini magana ta gefe in turo miki hanyar da muka bi.