Kyamarar Baba mai ido biyu: a sayar ko a ajiye?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce a cikin adakarsa a Daura ka tsinci kyamara mai ido biyu, an rubuta Yashica-Mat 124G, kana tambaya ko tana da daraja.

Tana da ita, amma kada ka ɗora buri. 'Yan Japan sun ƙera ta da yawa daga 1970 zuwa 1986, ba ta yi wuyar samu ba. Masu tara tsofaffin kyamarori abin da ya yi ƙaranci suke bi. Shi ya sa a 2022 aka sayar da wata kyamara ƙirar Leica ta 1923 a kan Yuro miliyan 14.4, don kaɗan aka yi irinta, na gwaji. Taka samfurin Rolleiflex ta Jamus aka kwaikwaya. Idon sama na leƙe ne, ta sama kake duba hoton kana riƙe da ita a ƙirji, na ƙasa shi ke ɗauka. Fim ɗinta mai lamba 120 ne, hoto 12 kacal, kuma har yau kamfanonin Kodak da Ilford na yin sa.

In ka tabbatar babu fim a ciki, buɗe bayanta ka haska tocila ta cikin gilashin. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, farashi ya faɗi. Kuma don Allah kada ka goge da bakin riga. Ni haka na yi wa tawa nan Katsina lokacin hunturu, ƙura ta karce gilashin, har yau ina cizon yatsa.

Da ni ne, ba zan sayar ba. Ka duba ma ko da sauran fim a ciki, in akwai kada ka buɗe ta a haske.