Daga Kano zuwa Guangzhou: awa nawa ne, kuma kwana biyar sun isa?

Tambaya: Ina sayar da leshi da atamfa a Kantin Kwari. Shekara uku ke nan ina tura kuɗi ana sayo min kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yanzu ina so in je da ƙafata. Yaya nisan yake, awa nawa zan yi a jirgi, kuma kwana biyar za su ishe ni?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tsakanin Kano da Guangzhou ya kusa kilomita 11,000, kuma babu jirgin da zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka a Baiyun, filin jirgin Guangzhou, ba tare da ka sauya ba. Yawancin mutanenmu ta Addis Ababa suke bi: kusan awa 5 zuwa can, sannan awa 10 zuwa 11 zuwa Guangzhou. Wasu kuma ta Alƙahira ko Doha. In ka haɗa da zaman jira, yini guda cur ya tafi.

Ga abin da sababbin matafiya ba sa lissafawa: agogon Sin ya riga namu da awa 7. Ƙarfe 9 na safe a can, jikinka yana ganin ƙarfe 2 na dare ne. Mutumin da ke gyangyaɗi bai kamata ya zauna yin ciniki na miliyoyi ba. Don haka a kwana biyar ɗinka, biyu na hanya ne, ɗaya na gajiya. Saura biyu, su kuwa ba za su ishi mai leshi ba. Sai ka taɓa yadin da hannunka, ka fita da shi cikin hasken rana ka ga launinsa na gaskiya, ka zagaya shaguna kafin ka taya, sannan ka tsaya a sito ana ɗaure kayanka a gabanka. Ni dai kwana goma nake ba ka shawara.

Kuɗin tafiyar kuma a kan kaya zai hau. Misali, in tikiti da biza da masauki a unguwar Xiaobei ta Guangzhou suka ci naira miliyan 3, kai kuma sarin miliyan 10 za ka yi, ka ɗora wa kowane yadi kashi 30 cikin ɗari tun bai bar Sin ba. Da irin wannan jari, gara ku haɗa kai ku huɗu ku tura ɗaya. In jarin ya kai na kwantena, je ka, domin sanin masu masana'anta ido da ido zai daɗe yana yi maka amfani.

Kafin ka yanki tikiti, duba kalanda. Lokacin baje kolin Canton, babban baje kolin kayayyaki da ake yi a Guangzhou, wato Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, masauki yana tsada. A bikin sabuwar shekararsu kuma, ƙarshen Janairu ko Fabrairu, masana'antu a rufe za ka tarar da su har na makonni.