Tsohuwar manhajata ta Larabci ta koma Çá da alamomin tambaya

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da tsohuwar manhaja ta Larabci da nake adana bayanai a cikinta tun zamanin Windows XP. Da na ɗora ta a kan Windows 10, sai rubutun ya koma wasu haruffa irin Çá, wani wurin kuma alamomin tambaya zalla. Mai gyara ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. Aikin shekaru ne a ciki, hankalina a tashe yake. Ya tafi ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka. Kafin komai, kwafe fayilolin ka ajiye a wani wuri, kuma kada ka sake adana ko harafi ɗaya a manhajar sai ka yi gyaran nan.

Manhajarka ba ta san Unicode ba, wato tsarin bai ɗaya da ke ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. Lambobi take ajiyewa, Windows ne ke duba jadawali ya mayar da su haruffa. Jadawalin Larabci 1256 ne, kwamfutarka kuwa da 1252 na harsunan yammacin Turai take karantawa. Lamba 199 alif ce a na Larabci, a ɗayan kuma Ç. Lamba 225 lam ce, can kuma á. Wato Çá ɗin da ya firgita ka alif da lam ne, suna nan lafiya lau.

Shiga Control Panel, Region, Administrative, sannan Change system locale, ka zaɓi Larabci, ka kashe kwamfutar ka kunna. Harshen Windows ɗinka ba zai sauya ba. Akwai wani ɗan akwati a wurin mai ambaton UTF-8, kada ka taɓa shi, rikita tsofaffin manhajoji yake yi. Harshe ɗaya saitin ke ɗauka, don haka in kana da wata manhajar ta Japananci, wata ƙaramar manhaja mai suna Locale Emulator za ta buɗe ta ita kaɗai da jadawalin harshenta, muddin mai bit 32 ce. AppLocale, mai irin wannan aiki, da Microsoft ya fitar a 2003 na zamanin XP ne, rabu da shi.

Sai batun bairos, wanda na gaji da ji. Kusan kullum sai an kawo mini kwamfutar da aka share tas saboda wannan magana. Wane irin bairos ne zai bi alif ɗaya bayan ɗaya yana mayar da shi Ç, bai taɓa yin kuskure ba? Mutum bai san dalili ba, maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce fomatin. A share, a ɗora sabon Windows mai jadawalin 1252 ɗin nan dai, a buɗe manhaja, Çá na nan daram, bayanai kuwa sun bi ruwa. Wani ma sai ya jibga maka salon haruffa ɗari daga intanet, alhali rashin salon haruffa akwatuna yake nunawa, ba Ç ba. Daga irin wannan kwashe-kwashen ne ainihin bairos ke shigowa.

Alamomin tambayar ne suka fi damuna. Idan a allo kawai suke, za su warware bayan gyaran. Amma in an riga an adana fayil a wannan hali, kowane harafin da ya zama alamar tambaya ya koma lamba 63, wato lambar alamar tambaya, kuma babu manhajar da za ta gane wanne ne alif, wanne ne harafin ba. Don haka duba ranar da aka yi wa kowane fayil gyara na ƙarshe. Wanda ranarsa ta zo bayan ƙaurar, nemo asalinsa a tsohuwar kwamfutar.