Amsa ga mai tambaya kan iskar radon da kwanan tsakar gida

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce kun koma wajen Poli da ke arewacin Kamaru da zama, kin ji ana cewa ƙasar akwai ma'adinin yuraniyom, kuma yaranki na kwana a tsakar gida kan tabarma lokacin zafi, shin iskar radon ba za ta cutar da su ba? Ni malamin kimiyya ne a nan Garwa, kuma ina da 'yar na'urar auna radon da na daɗe ina bibiya a gidana, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Maganar yuraniyom gaskiya ce, akwai shi a wajen Kitongo kusa da Poli. Radon daga shi yake samuwa a cikin duwatsu da ƙasa, ya biyo ƙofofin ƙasa ya fito. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma cikin kwana 3.8 rabinsa ya lalace. A fili iska na kwashe shi, shi ya sa a waje yawanci bai wuce bekerel 5 zuwa 15 a kowace kubik mita ta iska ba (bekerel shi ne ma'aunin yawan radon). Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa 100 ta ba da shawarar kada a wuce a cikin ɗaki.

Yanayi na taka rawa sosai. Da rana in ƙasa ta yi zafi, iska na tashi sama tana gauraya, radon ya watse. Da dare kuwa, musamman daren da ko ganye ba ya motsi, ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Kin san yadda hayaƙin murhu ke shimfiɗewa a unguwa da asuba lokacin hunturu, ya ƙi tashi? To haka radon yake yi. A gidana lambar na'urar ta fi hawa wajen kiran sallar asuba, ta sauka bayan azahar. Da damina in ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙofofin sun toshe, fitarsa a fili na raguwa. Da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage, hanya ta buɗe masa. Haka kuma in matsin iska ya sauka gabanin hadari, ƙasa kan ƙara fesar da shi.

Duk da haka, ni ba kwanan tsakar gida ke damuna ba. Abin da ya tayar min da hankali ɗakin mahaifiyata ne. Da sanyin Disamba da Janairu takan rufe ƙofa, ta cusa tsumma a taga saboda hazo, ga daɓen siminti ya tsage daga bango zuwa bakin gado. Da na kai na'urar can, ta nuna fiye da ko'ina a gidan. Muka sa magini ya toshe tsagar, muka ɗaga mata katifa kan gado, na roƙe ta ta riƙa buɗe taga da ƙofa da hantsi har la'asar. Sai da aka sha fama kafin ta yarda, don tsoho da sanyi ba sa shiri, amma lambar ta sauka.

Ki bar yaran su kwana waje, in da hali kan gado maimakon ƙasa. Ki duba ɗakunan da ake rufewa ruf, ki liƙe duk tsagar daɓe. In maigida na shan taba, a yi masa magana da gaske, domin radon ne na biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu, kuma haɗuwarsu ta fi muni. In kin samu masu aunawa, kada ki yarda da awon kwana ɗaya. A bar na'urar aƙalla wata 3, a haɗa da lokacin hunturu.